Gandu Saba'in a Bakin Kwaɗo: Abin da Ya Faru a Kalifoniya

Filinmu na tarihi a wannan fitowa zai kai mu nesa, can yammacin Amurka, jihar Kalifoniya. Ranar 13 ga Mayu, 2011, hukumar da ke kula da gandayen daji da wuraren shaƙatawa na jihar ta fitar da takarda mai ɗauke da sunaye 70. Wurare 278 ne a hannunta a lokacin, kuma aka ce waɗannan 70 ɗin za a sa musu kwaɗo ranar 1 ga Yuli, 2012. Dalili ɗaya aka bayar, wai babu kuɗi. Jihar da ake cewa da ƙasa ce mai cin gashin kanta da tana cikin goma mafiya arziki a duniya, ita ce ta ce ba za ta iya biyan mai gadi da mai wanke bayan gida ba.

Bari mu fara sanin abin da ake magana a kai. A Amurka akwai gandayen gwamnatin tarayya, akwai na jihohi. Mu ma mun san irin wannan rabo, tunda Yankari ta yi shekaru a hannun tarayya kafin a mayar wa jihar Bauci a 2006. To na jiha muke magana. Kada kuma kalmar gandu ta sa ku ɗauka daji ne kawai da namun dawa. A cikin 278 ɗin nan akwai bakin teku inda magidanci ke kai iyalinsa ranar hutu, akwai tsofaffin gidajen gwamnoni, da garuruwan masu haƙar zinariya da suka zama kufai, da hamada, da dazukan wani itace da suke kira redwud, wanda tsawonsa kan wuce mita 100, wani ma ya haura shekara 1,500 a tsaye. A lokacin, gaba ɗaya fili ne da ya kusa eka miliyan ɗaya da rabi, kuma sama da mutum miliyan 60 ke shiga a shekara.

Asalin abin ya faro ne ana tsakiyar yaƙin basasarsu. Ranar 30 ga Yuni, 1864, shugaba Abraham Linkon ya sa hannu a dokar da ta miƙa wa Kalifoniya kwarin Yosamiti, bisa sharaɗin cewa wurin na jama'a ne, su shiga su huta, kuma ba za a sayar da shi ba har abada. Jihar ba ta riƙe shi da kyau ba, a 1906 ya koma hannun tarayya. Gandun jiha mafi daɗewa da ya rage yau shi ne Big Besin, kuma ba gwamnati ce ta fara tunaninsa ba. Wani mai ɗaukar hoto, Andiru Hil, ya je ɗaukar hoton manyan itatuwan nan a wani daji mallakar wani mutum, mai wurin ya tare shi ya ce itatuwansa ne, ba a ɗauka sai da izininsa. Abin ya ɓata masa rai. A 1900 shi da abokansa suka kafa ƙungiya, suka matsa wa majalisar jiha har ta ware dala 250,000, aka sayi dajin Big Besin a 1902 kafin masu yankan katako su gama da shi.

Abin da ya fi muhimmanci ga labarinmu ya zo ne a 1928. A shekarar aka tambayi jama'ar jihar ta hanyar ƙuri'a ko sun yarda gwamnati ta ci bashin dala miliyan 6 don sayen filaye, suka amince da rinjaye mai yawa. Amma dokar na da wani sharaɗi: gwamnati ba za ta biya fiye da rabin kuɗin kowane fili ba. Ɗaya rabin sai jama'a sun kawo, ko tsabar kuɗi ko fili. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Haka aka yi kuwa. Attajirin nan Jon Rokafela ƙarami ya ba da dala miliyan 2 don ceto wani babban dajin redwud a arewacin jihar, ƙungiyoyin mata suka yi ta karo-karo, iyalai suka riƙa sayen 'yan kadadu da sunan iyayensu da suka rasu suna miƙawa. A shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, gwamnatin tarayya ta ɗebi samari marasa aiki suka share hanyoyi, suka gina gadoji da rumfuna a cikin gandayen. Ku riƙe wannan a zuciya: tun tushe, kaso mai yawa na dukiyar nan daga aljihun mutane ya fito, aka danƙa wa gwamnati ta tsare.

Shekara hamsin abin yana tafiya, baitulmalin jiha ne ke ɗauke da kusan duk nauyin. A ƙarshen shekarun 1970 kusan kashi 90 cikin ɗari na kuɗin gudanar da gandayen daga can yake fitowa. Sai aka zo 1978. A Kalifoniya jama'a na iya kafa doka da kansu ta hanyar ƙuri'a, ba sai majalisa ta yi ba. A watan Yuni na shekarar suka amince da Ƙuduri na 13, wanda ya ƙayyade harajin gida da fili a kan kashi ɗaya cikin ɗari na ƙimarsa, ya kuma ce majalisa ba za ta ƙara harajin jiha ba sai da amincewar kashi biyu bisa uku na mambobinta. Masu gidaje sun ji daɗi, ba shakka. Amma ƙananan hukumomi da makarantu, waɗanda da harajin gidaje suke rayuwa, sai suka dawo suka jingina da baitulmalin jiha. Masu miƙo hannu suka yi yawa a akushi ɗaya. Makaranta na da doka mai kare kasonta, asibiti da gidan yari ba a iya rufe su, to wa ya rage a rage wa? Gandu, tunda itace ba ya zanga-zanga. Kafin a kai 2011 abin da baitulmali ke bayarwa ya faɗo ƙasa da kashi ɗaya bisa uku, sauran ana cikewa da kuɗin shiga da na kwana da wasu asusai na musamman. Gyaran da aka yi ta ɗagewa, na rufin ɗakuna da famfuna da bututun bahaya, ya taru ya wuce dala biliyan ɗaya.

Mutumin da ya fara furta maganar rufewa da babbar murya kun san shi, ko da ba ku san ya yi gwamna ba: Anold Shuwazniga, wanda yaran gidan kallo ke kira Kwamando. A Janairun 2008 ya ce a rufe 48, aka yi masa ca, ya janye. A 2009, bayan rugujewar kasuwar gidaje da bankuna a Amurka, giɓin kasafin kuɗin jihar ya wuce dala biliyan 24. Abin ya kai jihar tana ba 'yan kwangila takardar "na ci bashinka" maimakon kuɗi, ma'aikata kuma ana tura su gida Juma'a uku a wata ba albashi. Sai Kwamando ya ce wannan karon 220 za a rufe. Gwamnatin tarayya ta aiko da gargaɗi cewa akwai wurare shida da ita ta ba jihar bisa sharaɗin su kasance a buɗe, in an rufe za ta karɓe abinta. Ƙarshe ba a rufe ko ɗaya gaba ɗaya ba, amma an zaftare kusan dala miliyan 14. Wasu wuraren suka koma buɗewa Asabar da Lahadi kawai, aka kulle bayan gida da yawa, aka kwashe kwandunan shara.

Masu son gandayen suka ce to bari a nemo musu hanyar kuɗi tasu ta kansu. Suka kawo Ƙuduri na 21 a zaɓen Nuwamban 2010: kowace mota a ƙara dala 18 a kuɗin sabunta takardunta na shekara, ita kuma ta riƙa shiga kowane gandun jiha kyauta. An yi lissafin hakan zai tara kusan dala miliyan 500 a shekara. Jama'a suka ƙi, kashi 57 cikin ɗari suka ce a'a. A nan ba zan ɗora wa gwamnati laifi ita kaɗai ba. Jikokin waɗanda suka yarda a ci bashi a 1928 su ne suka ƙi ba da dala 18, kuɗin da bai kai na cika rabin tankin mota ba. Gaskiya ne lokacin ana cikin matsi, mutane na rasa gidaje da aiki, kuma da yawa ba su yarda kuɗin zai je inda aka ce ba. Wannan zargin nasu, za ku ga, bai faɗi ƙasa banza ba.

A Janairun 2011 Jeri Birawun ya karɓi mulki, ya tarar da giɓin sama da dala biliyan 25. Aka ce hukumar gandaye ta rage dala miliyan 22 a shekara, daga nan takardar sunaye 70 ta fito. Yanzu mu yi lissafi irin namu na kasuwa. Babban asusun jihar a shekarar kusan dala biliyan 86 ne. Miliyan 22 a cikin biliyan 86, kamar mutum ne yana da naira 10,000 a aljihu ya ce zai yi tsimin naira 2 da kwabo 50. In ka raba wa mutanen jihar, su miliyan 37, kowa bai kai ya biya dala ɗaya a shekara ba. Saboda wannan ne za a rufe kashi ɗaya bisa huɗu na abin da aka yi shekara ɗari ana tarawa.

Kuma ko tsimin ma akwai magana a kansa. Rufe gandu ba kamar rufe shago ba ne. Shago ka ja ƙofa ka sa kwaɗo, ka ce wa maigadin layi ya sa ido. Gandun Henri Ko, wanda ke cikin jerin, eka 87,000 ne na tsaunuka da kwazazzabai. Ina za ka sa kwaɗon? Abin da rufewa ke nufi shi ne mai gadi ya tafi, mai biyan kuɗin shiga ya daina zuwa, wurin ya rage wa masu noman wiwi a ɓoye, da mafarauta, da wanda zai kunna wuta ya tafi ya bar ta a jihar da gobarar daji ke cinye garuruwa. Ba ma sai an yi hasashe ba, domin an riga an gani. Can cikin hamadar Mohabi akwai wani wuri mai koguna da ake kira Kogunan Micel. Tun farkon 2011 aka rufe shi, bayan masu gadinsa sun yi ritaya kuma rijiyarsa ta lalace. Ba a daɗe ba ɓarayi suka shiga, suka fasa tagogi da akwatunan gilashin da ake nuna kayan tarihi, suka zare wayoyin lantarkin da ke haska cikin kogon don jan ƙarfen da ke ciki. Sai a Nuwamban 2017 aka iya sake buɗe wurin, bayan an kashe kuɗin da ba a yi niyya ba.

Hukumar ta kare kanta da cewa ta zaɓi wuraren da ba su cika samun baƙi ko kuɗi ba, har ta ce waɗanda za a bari su ne ke kawo kashi 92 cikin ɗari na masu ziyara da kashi 94 na kuɗin shiga. A takarda wannan hujja ce mai kyau. Amma wurin da ba ya kawo kuɗi sau da yawa shi ne wurin talaka. Kandilstik Foyin, alal misali, yana bakin ruwa a kudu maso gabashin San Faransisko, kusa da unguwar baƙaƙen fata da ma'aikata masu ƙaramin ƙarfi, inda tsofaffi ke zuwa kamun kifi, yara su yi wasa. Shi ma aka sa shi a jeri.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Caina Kam, wanda in za a fassara sunansa sai a ce Zangon Sinawa. Ƙauye ne a bakin ruwa arewa da San Faransisko, inda baƙi daga kudancin ƙasar Sin suka zauna suna kamun jatan lande, abin nan da muke kira kirafish a kasuwa. Suna kamawa, su dafa, su shanya a gefen tsauni, a zuba a buhu a aika gida. A shekarun 1880 mutanen ƙauyen sun kai 500, da shagunansu da wanzaminsu. Sai dokoki suka bi su ɗaya bayan ɗaya: a 1882 aka hana ma'aikata Sinawa shigowa Amurka, a 1905 aka hana fitar da busasshen jatan lande, a 1911 aka haramta irin komar da suke amfani da ita. Ƙauyen ya watse, sai iyali ɗaya. Da jihar ta mayar da wurin gandu a ƙarshen shekarun 1970, an bar wani mutum daga wannan iyalin ya ci gaba da zama a gidansu, yana fita da jirginsa, yana sayar da abinci a ɗan shagon da ya gada. A 2011 ya haura shekara 80, kuma gidan da ya tashi a ciki yana cikin wuraren da za a rufe. Mu da kakanninmu suka zo garin wasu da fatauci suka kafa unguwa, ba sai an yi mana dogon bayanin abin da ake ji ba in aka ce tarihin baƙo ne bai kawo kuɗi ba.

To jama'a ba su zauna ba. A Oktoban 2011 aka sa hannu a wata doka da ɗan majalisa Jared Hafman ya kawo, wadda ta ba ƙungiyoyin sa-kai damar karɓar ragamar gandu har guda 20. Daga nan kowane gari ya kama nasa. Hukumar gandayen tarayya ta ɗauki uku, ta ƙara dala 2 a kuɗin shiga wani dajinta mai yawan baƙi, Muya Wuds, don ta biya kuɗin biyu daga ciki. Gandun Henri Ko, wani attajiri mai harkar kayan lantarki ya ɗauki mafi yawan nauyinsa na shekara uku. A tafkin Mono aka sa 'yar kuɗin ajiye mota. Gonar marubucin nan Jak Landan wata ƙungiyar masu sa-kai ta yankin ce ta karɓa. Zangon Sinawa ma ƙungiyar abokansa ta tara kuɗi ta karɓe shi. Yaran makaranta suka yi ta sayar da biskit da lemo, 'yan fansho suka koma masu karɓar tikiti da share hanya. Da ranar 1 ga Yuli ta zo, 69 cikin 70 ɗin a buɗe suke, Kogunan Micel ne kawai a rufe.

Ba a yi sati uku da wannan murna ba sai allura ta tono garma. Jaridar Sacramento Bee tana binciken wani ƙaramin abu: wasu manyan ma'aikata a hedkwatar hukumar sun sayar wa gwamnati da kwanakin hutunsu a asirce, sun karɓi kimanin dala 271,000, alhali an hana yin haka. Garin tambayar takardu sai ga babbar magana. Ranar 20 ga Yuli, 2012, aka bayyana cewa hukumar na da kusan dala miliyan 54 a asusai biyu da ma'aikatar kuɗi ba ta san da su ba. Shugabar hukumar, Rut Kolman, wadda ta yi kusan shekara goma a kujerar, ta ajiye aiki a ranar, tana cewa ba ta san da kuɗin ba amma ta ɗauki alhaki. Aka kori mataimakinta.

Binciken ofishin babban lauyan jiha, wanda ya fito a Janairun 2013, ya rarrabe abin. Miliyan 33 da ɗoriya na asusun masu wasa da babura da motoci a jeji ne, kuma ba a samu an ɓoye shi da gangan ba. Amma kusan miliyan 20 na asusun kuɗin shiga, wannan kam an ɓoye. Ya faro ne daga kuskuren lissafi tun shekarun 1990. Da manyan ma'aikata suka gane, maimakon su faɗa sai suka ci gaba da kai wa ofishin babban akanta adadi na gaskiya, suna kai wa ma'aikatar kuɗi wani adadin da bai kai ba, shekara da shekaru. Dalilinsu kunya, da tsoron in aka ga rarar za a rage musu kason baitulmali. Abin mamaki, babu wanda ya saci ko kwabo, ba a kuma gurfanar da kowa ba. Kuɗin ma ba su da ikon kashe shi sai majalisa ta amince, majalisa kuwa ba ta san da shi ba. Yana nan kwance kamar tulun da aka binne aka manta.

Adalci ya sa a faɗi cewa miliyan 20 ɗin ba zai magance matsalar ba. Kuɗi ne na sau ɗaya, giɓin kuwa miliyan 22 ne duk shekara, kuma duk ɗan kasuwa ya san bambancin ajiya da ciniki. Da an fito da shi, shekara ɗaya zai saya, ba ƙari. Amma shekara ɗayan nan ita ce wadda aka sa tsofaffi da yara suna yawo da kwanon bara. Ɓarnar da aka yi a kan yarda ta fi ta kuɗin. Wasu masu gudummawa suka ce a mayar musu da abinsu. Ƙaramar hukumar Sonoma, wadda ke shirin tambayar mutanenta su amince da 'yar ƙarin harajin ciniki don gandaye, ta janye maganar, don ta san ba wanda zai saurare ta.

A Satumban 2012 gwamna ya sa hannu a dokar da ta hana rufe kowane gandu har shekara biyu. Daga kuɗin da aka tono aka ware miliyan 10 don a riƙa ninka duk abin da masu gudummawa suka kawo, wato an dawo kan tsarin rabi da rabi na 1928, sai dai wancan na sayen fili ne, wannan kuwa na biyan albashi da wutar lantarki. Wani miliyan 10 ɗin aka ba wuraren da ke cikin haɗari. A Nuwamba jama'ar jihar suka amince da ƙarin haraji na wucin gadi, aljihun gwamnati ya ɗan farfaɗo, aka naɗa wani janar na soja mai ritaya, Antoni Jaksin, ya gyara hukumar. Bai cika shekara biyu ba ya sauka.

Kuɗi ya dawo, amma ba duk wuraren ne suka koma hannun gwamnati yadda suke a da ba. Abin da aka karɓa a matsayin taimakon gaggawa ya zama tsari. Gonar Jak Landan har yau ƙungiya ce ke gudanar da ita. Zangon Sinawa ma haka, ƙasar ta jiha ce, amma ƙungiyar abokansa ce ke buɗe geti, ta gyara hanya, ta biya ma'aikata daga kuɗin shiga da na mambobi da abin da masu hali suka bayar. Dattijon nan mai jirgi ya ci gaba da zama a gidansa na bakin ruwa har ya rasu a 2016, yana da shekara 90.